Ƙanzon Tukunya

Daren jiya na tsaya a bakin madafi ina kallon ƙanwata tana kankare ƙanzo daga gindin tukunya, za ta ajiye wa kaji. Tuwon dawa ne da miyar kuka, kowa ya ci ya ture kwano, har malmala biyu ta rage ta ɗumame. Ƙarar cokalin nan ce ta dawo min da kakarmu, Allah ya jiƙanta, wadda ba ta taɓa wuce ƙwayar hatsi a ƙasa ba. Ko tana tsakiyar hira sai ta sunkuya ta tsince, ta hure, ta mayar cikin ƙwarya. Muna yara mun ɗauka rowa ce. Daga baya ta ba mu labarin farin 1973, lokacin da rumbuna suka zama wayam, shanu suka yi ta faɗuwa a hanya, mata na tona gidan tururuwa suna neman abin da za su daka. A 2005 ma, a karkarar Maradi da Damagaram, anza mai ɗaci aka riƙa jiƙawa kwana da kwanaki ana ci. Ciki dai ba ya riƙe tarihi. Da ya cika sai ya manta, alhamdulillahin ma a gaggauce take fita, hannu na laluben buta. Ina nan tsaye aka yi sallama daga zaure, ƙaramar murya: "Iya, ko ɗan ƙanzo." Yau da safe dusa kaji suka samu.