Bam ɗin da yaranmu ke gani a waya, da wanda ya tashi a arewa da mu

Yaran Gangara sun san bam ɗin nukiliya, amma a fim suka san shi. Ina koyarwa a nan, kuma duk yaron da na tambaya siffa ɗaya yake ba ni: wuta ja, hayaƙi ya miƙe sama kamar laimar kwaɗi, ƙara ta zo tare da hasken, sai jarumi ya tashi ya kakkaɓe riga. A wani fim na Indiana Jones na 2008 ma, cikin firji jarumin ya shige, bam ya wurga shi nesa, ya fito lafiya lau.

Fim ɗin Oppenheimer na Christopher Nolan, wanda ya fito a 2023, ya gyara abu ɗaya. Da aka zo gwajin farko, na 16 ga Yuli 1945 a hamadar New Mexico ta Amurka, haske ya cika fuskokin masu kallo, sai tsit. Numfashinsu kawai ake ji. Can daga baya ƙarar ta iso. Wani ɗalibina cewa ya yi lasifikar wayar ce ta lalace. Ba ta lalace ba. Sauti yana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa ɗaya, wato daƙiƙa uku a kowace kilomita, haske kuwa kamar nan take yake isowa. Mutumin da ke kilomita tara daga wurin sai ya jira kusan rabin minti. Manomin Damargu ya san wannan tun kafin a yi fim: a damina walƙiya ce ke riga tsawa. Ina sa yara su ƙirga daƙiƙun da ke tsakaninsu, su raba da uku, su faɗa mini nisan hadarin. Ban taɓa samun darasin da ya shiga kansu da sauri irin wannan ba.

Sai dai ko wannan fim ɗin bai nuna Hiroshima ba, bai kuma nuna abin da ke biyo bayan wutar ba, wato ƙura mai guba da iska ke ɗauka. Ba ta da ƙara, ba ta da kyan gani, shi ya sa masu fim ba su damu da ita ba. Mu kuwa ita ce ta shafe mu.

Ranar 13 ga Fabrairu 1960, kafin Nijar ta samu 'yancin kai a watan Agusta, Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko kusa da Reggane a Saharar Aljeriya. Ƙarfinsa ya kai kusan ninki huɗu na wanda aka jefa a Hiroshima. Zuwa 1966 ta yi gwaji 17 a Sahara, huɗu a sarari, sauran a cikin dutse a In Ekker, arewa da Tamanrasset, garin da samarinmu ke zuwa ci-rani. Ranar 1 ga Mayu 1962 dutsen ya kasa riƙe ɗaya daga cikinsu, hayaƙin ya ɓalle ya bi ta kan sojoji da ministoci biyu na Faransa da suka zo kallo. A 2014 jaridar Le Parisien ta buga taswirar sojan Faransa da ta nuna ƙurar gwajin farko ta bazu har Chadi da Mali. Najeriya kuwa tun a Janairun 1961 ta kori jakadan Faransa kan wannan magana. Kowa a nan ya san daga ina iskar hunturu ke zuwa, kuma Fabrairu lokacinta ne.

Ban ga dalilin hana yara kallo ba. Ko an hana, a wayar aboki za su gani. Abin da nake roƙon iyaye da 'yan uwana malamai shi ne mu zauna kusa idan ana kallon. In wutar ta tashi, a tsayar da fim ɗin a tambayi yaro: ina hayaƙin nan zai sauka? Wa ke kiwo a wurin? Rijiyarsu a rufe take ko a buɗe? Yaro da ya tashi cikin makiyaya ba sai an faɗa masa amsar ba.

A ajina, bayan lissafin tsawa, nakan buɗe taswira in sa su nemo Tanut, su hau zuwa Agadas da Arlit inda ake haƙo yuraniyom tun 1971, su ƙetare iyaka su nemo Tamanrasset da Reggane, sannan su auna nisan da kansu.