Tsohon Hedimasta Da Jakin Da Ke Tafiya A Gefen Littafi

A wani gari na kan iyaka, arewa da Sakkwato, inda mutum kan yi sallar Azahar a Nijeriya ya yi La'asar a Birnin Ƙwanni, akwai wani dattijo wanda ya yi shekara 35 yana koyarwa a makarantun firamare, har ya ajiye aiki yana hedimasta. Duk garin ba mai kiransa da wani suna sai Malam. To, a damunar da ta wuce wannan bawan Allah ya shiga wani aiki da ya sa maƙwabta suka soma raɗe-raɗin ko tsufa ya fara taɓa shi. Kullum da hantsi sai a gan shi a zaure, tabarau bisa karan hanci, yana zana gizo-gizo a kusurwar littafin rubutu, falle bayan falle.

Mafarin abin kuwa jikanyarsa ce, 'yar shekara 7, wadda yakan kira amaryarsa bisa ga wasan kaka da jika. Yarinyar nan ba ta da aiki sai kallon katun a wayar uwarta. Wata rana da dare matar Malam ta tara jikoki za ta yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, sai yarinyar ta ce a nuna mata Gizon tukuna. Aka ce ai Gizo ba a ganinsa, jinsa ake yi. Ta ce to ashe ƙarya ne, tun da kyanwar Turawa da ɓeranta kowa yana ganinsu. Malam ya fusata, ya ƙwace wayar ya kulle a akwati kwana uku, amma ko da aka cika kwana ukun Gizo bai ƙara daraja a idon yarinyar ba ko ta anini.

Shi kansa Malam ba baƙon hoto mai motsi ba ne. Yana yaro, kafin samun mulkin kai a 1960, motar majigi takan zo garinsu, a kafa farin ƙyalle a ƙofar hakimi, a ta da injin wuta bayan Isha'i, mai fassara ya riƙe lasifika yana bayani da Hausa, yana ƙara nasa gishirin. A nan ya ga yadda ƙuda ke ɗauko cuta daga shara ya kai kan tuwo, a nan ya ga Baban Larai da nomansa na auduga. Har yau yana iya faɗin abin da ya gani a daren, alhali kuwa darussan da aka dirka masa da bulala a aji, da yawa sun bi ruwa. Amma bai taɓa haɗa wancan majigi da katun ɗin jikarsa ba. A wurinsa wancan ilmi ne, wannan shiririta.

Wani ɗan ƙanensa mai karatu a Yamai shi ya warware masa. Da ya ji labarin wayar da aka kulle, sai ya ce, "Baba, ai mai irin wannan sana'a a Tawa ya zauna, nan kusa da ku." Ya buɗe wayarsa ya nuna masa wani ɗan gajeren fim na minti 5, baƙi da fari, wanda Mustafa Alasan ya yi a 1966, mai suna Bon Voyage Sim. Labarin wani kwaɗo ne shugaban ƙasar kwaɗi, wanda aka gayyata ziyara wata ƙasa, aka yi masa faretin soja da dukkan ƙasaitar da ake yi wa shugabanni. Malam ya yi dariya har da hawaye, domin ya sha jera yara a rana tun safe suna jiran babban baƙo, ya san abin da mai zanen yake nufi sarai.

Shi Mustafa Alasan an haife shi a Jumhuriyar Nijar a 1942. Makanike ne da fari, tun yana saurayi kuma yakan yanka kwali ya haska fitila a bayansa ya yi wa mutane wasan inuwa. Ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshen nan mai ɗaukar fim a Yamai, daga bisani ya tafi Kanada ya ga aikin Norman McLaren, gwanin da yakan yi zane a jikin zaren fim ɗin kansa. Ya shugabanci sashen silima na Jami'ar Yamai shekara 15. Fim ɗinsa na fari, na 1962, Aure ne sunansa, wani kuma Kokawa, wanda ya yi da 'yan tsana, kwaɗi da waɗansu ƙananan dabbobi suna gwabzawa a fage ana yi musu kiɗa. Ya rasu a Wagadugu a watan Maris na 2015. Abin takaici, mutum ya yi wannan aiki da sunayen Hausa a kan finafinansa, amma a makarantun wannan gefen iyaka da wuya ka sami malamin da ya taɓa jin sunansa.

Sa'an nan yaron ya bayyana masa asirin abin. Fim ba motsi yake yi ba, hotuna ne tsayayyu guda 24 ke wucewa cikin daƙiƙa ɗaya, ido ya haɗa su. Masu zane sukan rage wahala su yi 12, a nuna kowane sau biyu. Watau minti ɗaya yana cin zane 720, minti 5 kuwa 3,600. Ya ce ko a gefen littafi ana iya gwadawa: a yi zane a kusurwar kowane falle, kowane ya ɗan bambanta da na bayansa, a saki takardun da babban yatsa.

Nan fa jikin Malam ya yi sanyi, ya daɗe bai ce uffan ba. A 1978, zamanin da shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa maƙil, littafin rubutu kuma ya zama abin tattali, ya taɓa kama wani yaro ɗan aji huɗu wanda ya zana jaki a kusurwar kowane falle na littafin lissafinsa. Malam ya duba falle uku ko huɗu, ya ga jaki ne dai jaki ne, ya ce wannan ɓarna ce da wauta. Yaron ya buɗe baki zai yi bayani, Malam ya daka masa tsawa, ya zane shi a gaban aji, ya yayyage kusurwoyin. Bai saki takardun da yatsa ba. Sai bayan shekara arba'in da 'yan kai ya gane jakin nan tafiya yake yi.

Shi ya sa ya sayi littafi mai falle 40 ya zauna a zaure. Falle 40 ɗin nan, in an bi lissafin masu sana'a, bai fi daƙiƙa uku da ɗan ɗoriya ba, amma ya ci masa mako biyu. Babbar matsalar ma ba hannu ba ce. Yaya Gizo yake? Ƙafa takwas gare shi ko biyu? Yana sa riga da hula? Matarsa ta ce ita tun da take tatsuniya ba ta taɓa tambayar kanta ba, kuma a ganinta ranar da aka zana Gizo an ɗaure shi ke nan, domin kowane yaro da nasa Gizon a ka. Maganarta tana da ƙamshin gaskiya, Malam bai musa ba. Ya dai ce mata Gizon da aka ɗaure ya fi wanda aka manta. Ta ce a'a. Har yanzu ba su shirya a kan wannan ba.

Da ya gama ya kira amaryar tasa. Ta saki takardun, Gizo ya ɗingisa daga wannan kusurwa ya nufi wata ƙwarya. Ta ce, "Tsoho, Gizonka gurgu ne." Amma ta sake saki, ta kuma sakewa, daga nan ta tambayi abin da ke cikin ƙwaryar. Malam ya ce ba ya cikin littafi, sai ta tambayi kakarta da dare.

Ranar kasuwa ya sa littafin a aljihu ya nufi rumfar 'yan albasa, inda yaron nan na 1978 yake, yanzu magidanci ne da furfura da jikoki. Mutumin ya tashi ya durƙusa ya gaishe shi, ya shimfiɗa masa buhu. Malam ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya tambaye shi ko yana tune da wani jaki. Ya yi murmushi ya ce, "Bulala shida ce, Malam." Ya ce tun daga ranar bai sake zane ba. Malam ya nemi gafara, ya ce wallahi ba komai, ai malami uba ne. Sa'an nan ya goge hannunsa a riga, ya karɓi littafin, ya saki takardun sau biyu, ya tsaya a falle na 17. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, a nan aka yi kuskure. An ɗaga ƙafar gaba ba a sauke ta baya ba." Ya waiwaya ya ce wa yaronsa ya aro masa fensir.