Takin Furannin Kaka

A unguwar Nima, cikin birnin Ankara na ƙasar Gana, gida yana manne da gida, lungu kuwa in mutum biyu suka gamu sai ɗaya ya karkace. Tsakar gidan hayar da tsohuwar take zaune siminti ce duka, iyali bakwai suke wanki da girki a kanta. Duk da haka akwai furanni a ƙofar ɗakinta. Waɗansu suna cikin gwangwanayen tumatir, waɗansu cikin jarkokin nan masu ruwan ɗorawa da ake kira galan ɗin Kufuor, an yanke su biyu an huda gindinsu. Uku kuma suna rataye da waya a katakon rufi, cikin tsofaffin kwanduna, gama awakin maƙwabta ba sa jin roƙo.

Ita take kai furannin da ake ajiyewa bisa tebur a majami'arsu ta Maamobi kowace Lahadi. Ba wanda ya ɗora mata aikin, ba kuwa wanda zai iya karɓe shi daga hannunta. Amma abin da ta fi ji da shi lalle ne cikin rabin duro. Daga gidan mahaifiyarta a Bawku ta zo da reshensa a shekarar yunwa ta 1983, ta kuma yi ta sake dasa shi daga reshe zuwa reshe. Gidan ya fita hannunsu tuni, lallen ne ya rage.

Itacen da yake a fili yakan miƙa saiwarsa ya nemi abinci inda yake. Na gwangwani ba shi da wannan dama. Ƙasarsa ba ta fi cikin kwano ba, kowane ban ruwa kuma yana wanke ɗan abincin da ke ciki ya fita ta hujin gindi. Na kwando ya fi shan wuya, domin iska tana dukansa ta kowane gefe, ya bushe da wuri, a ƙara masa ruwa, ruwan ya ƙara wanke shi. Shi ya sa fure yakan yi kyau wata biyu bayan dashe, sa'an nan ganyen ƙasa ya soma yin rawaya, furen ya ƙanƙance, mai shi ya ce hannunsa ne ba shi da albarka. Yunwa ce kawai.

Makonni uku kafin Ista ta 2023 zazzaɓi ya kwantar da ita, ta bar wa jikanta ban ruwa. Yaron ya so ya ba ta mamaki. Ya tara kuɗin abincinsa na makaranta ya sayo takin zamani cikin gwangwanin madara, ba kuwa da araha ba, gama tun 2022, da yaƙin Rasha da Yukren da faɗuwar sidi, farashin taki ya haura. Farin nan mai kama da sukari aka auna masa, watau yuriya, wadda kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne. Da tsakar rana ya bi tukwanen, ƙasa a bushe, ya zuba wa kowacce cikin tafin hannu. Lallen ya ba shi biyu, don ya san matsayinsa.

Kwana uku, bakin ganye ya ƙone kamar an bi shi da wuta. Takin zamani ɗan'uwan gishiri ne. Yadda gishiri yake tsotse ruwan nama, haka shi ma in ya yi yawa yake janye ruwa daga saiwa, itace ya mutu da ƙishi ko da ƙasarsa a jiƙe take.

Ta fito tana dafa bango, ta daɗe tana dubawa.

"Kaka, ni dai so na yi su yi kyau ran Ista."

"Maigidana," in ji ta, "ka taɓa ganin an ɗura wa jariri tuwon kwana goma a zama ɗaya? Ɗauko cokali."

Suka kwashe ƙwayoyin da ba su narke ba tare da ƙasar sama, suka yi ta kwarara ruwa yana fita ta gindi. A gidansu ruwa sai an saya, jarka shida suka ƙarar a ranar. Na kwanduna duka suka mutu. Ran Ista furen roba aka ajiye bisa teburin, mata suna ta yaba shi, ita kuwa ba ta ɗaga kai ba har aka tashi sujada. Lallen ya zubar da ganyensa sarai, ya tsaya kamar tsinken tsintsiya. Kowace safiya takan kankare bawonsa da farce ta ga ko da sauran kore. Sai cikin Mayu, da ruwan sama ya zauna, toho ɗaya ya fito daga gindi.

Ba ta tsani takin zamani ba, ta dai san ma'auninsa. Tana amfani da mai lamba 15-15-15, cikin murfin kwalba ɗaya a bokitin ruwa, sau ɗaya a mako biyu, da yamma, bayan an riga an jiƙa ƙasa. Yuriya ba ta so ko kyauta ce, domin ko ba ta ƙona ba, ganye take tarawa, fure ya yi ƙaranci. Abin da ta fi dogara da shi yana zuwa ne daga maƙwabcinta, Alhajin da yake tara raguna kafin Babbar Salla. Kowace shekara yakan aiko mata da buhun kashinsu, ita kuma ta yanka wa matansa lalle in da biki. Ɗanyen kashi ma yana ƙuna, saboda haka takan bar shi wata uku ya ruɓe, sa'an nan ta jiƙa kaɗan cikin ƙyalle, ta surka ruwan har ya yi kamar shayi mara ƙarfi. Tokar murhu kuma ɗan barbaɗe take yi, can ba a rasa ba.

Yanzu yaron ne yake awo. An huda murfin kwalbar an ɗaure shi da zare a ƙusar ƙofa, don kada wani ya ce ya ɓata ya nemi babba. Da lallen ya sake yin fure a daminar 2024, matan gidan ne suka fara jin ƙanshin da dare suna wanke-wanke. Suka kira ta, ta fito da fitila, ta ta da jikan daga barci ya zo ya gani.