'Yan Tsana Ba Sa Tsufa, 'Yan Kallo Ne Ke Tsufa

Gabatarwa

A darussan wasan kwaikwayo malamanmu sun sha nanata mana cewa wasa ba ya cika sai an sami mai yi, da abin da ake yi, da kuma wanda ake yi dominsa. Mu kuwa ɗalibai, da zarar an ba mu jinga, sai mu duƙufa kan biyun farko, mu yi ta feɗe jigo da zubi da salo, mu bar ɗan kallo tsaye a bakin ƙofa kamar wanda ya zo biki ba gayyata. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a shigo da shi, a shimfiɗa masa tabarma, a ji ta bakinsa. Misalin da na ɗauka ba na gida ba ne. Wani fim ne na Amurka, na 'yan tsana, mai waƙe-waƙe da ban dariya, wanda ake kira The Muppets, ya kuma fito a shekarar 2011. Na zaɓe shi ne saboda an yi shi da niyyar farfaɗo da wani abu da ake zaton ya mutu, kuma tambayar da ya jawo tana nan tana jiranmu mu ma: idan aka tono tsohon wasa aka kaɗe masa ƙura, wa ake yi wa, kuma wane ne ke da ikon cewa an kyauta ko an ɓata?

Asalin 'Yan Tsanan

Wanda ya ƙirƙiro waɗannan 'yan tsana shi ne Jim Henson, Ba'amurke, wanda aka haifa a 1936. A 1955 ya ɗinka Kermit, wanda daga baya ya zama kwaɗon da duniya ta sani, da tsohuwar rigar sanyin mahaifiyarsa, ya raba ƙwallon tebur biyu ya yi masa idanu. Yadda ake wasan kuwa shi ne, mai wasa zai zura hannunsa guda a cikin kan 'yartsanar yana motsa bakinta, ɗaya hannun kuma yana riƙe da 'yan sanduna siriri waɗanda ke juya hannuwanta. Zai ɗaga ta sama da kansa yadda na'urar ɗaukar hoto ba za ta gan shi ba, idonsa kuma yana kan wani ƙaramin akwatin talabijin a ƙasa, inda yake ganin abin da ɗan kallo ke gani. Wato muryar mutum ce da hannun mutum, amma fuskar ta tsumma ce.

Da Henson ya nemi manyan gidajen talabijin na Amurka su karɓi shirinsa na The Muppet Show, sai suka ƙi. Wani attajirin harkar talabijin na Ingila, Lew Grade, shi ya ɗauki nauyinsa, aka yi ta shirya shi a kusa da Landan daga 1976 zuwa 1981, har aka sami kashi 120, aka kuma nuna shi a ƙasashe fiye da 100. A 1979 aka yi fim na farko. Henson ya rasu a 1990 yana da shekara 53, daga nan tauraron 'yan tsanan ya fara dusashewa. Fim ɗin da aka kai sinima a 1999 bai yi kasuwa ba. A 2004 kamfanin Disney ya sayi haƙƙin mallakarsu, amma sai da aka shekara 12 ba a gan su a sinima ba.

Labarin Fim Ɗin

Jason Segel da Nicholas Stoller ne suka rubuta fim ɗin 2011, James Bobin ya ba da umarni. Dabarar da suka yi ita ce, maimakon su ɓoye cewa an manta da 'yan tsanan, sai suka mai da mantuwar ta zama ita ce labarin. Walter, wata sabuwar 'yartsana mai tsananin son Muppets, ya kai ziyara tsohon gidan wasansu a Los Angeles ya tarar ya zama kango. A nan ya tsinci labarin cewa wani attajiri, Tex Richman, zai rushe wurin ya haƙi man fetur, sai fa in an tara dala miliyan 10. Saboda haka Kermit ya fita neman abokansa da suka watse: Fozzie yana wasa a wani wulaƙantaccen wuri tare da wasu 'yan tsana na jabu masu kwaikwayon na ainihi, Gonzo ya zama attajirin kayan famfo, Miss Piggy kuma tana aikin mujalla a Faris. Har akwai inda wata ma'aikaciyar talabijin ta gaya musu ƙiri-ƙiri cewa zamaninsu ya wuce. Suka yi wasan neman gudummawa, kuɗin bai cika ba, amma da suka fito sai suka tarar titi ya cika maƙil da masoyansu. Mai karatu zai lura cewa wannan taron na ƙarshe hoton 'yan kallo ne da kansu. Fim ɗin ya zana irin tarbar da yake fata a yi masa, sa'an nan ya miƙa wa mutane.

Yadda Aka Karɓe Shi a Can

Ta fuskar kasuwa, fatan ya cika. An kashe kimanin dala miliyan 45, aka samu fiye da miliyan 160. Masu sharhin jaridu galibinsu sun yaba, kuma waƙar Man or Muppet, wadda Bret McKenzie ya tsara, ta ci kyautar Oscar a 2012, ko da yake waƙoƙi biyu kacal ne suka yi takara a wannan shekara. Amma yabon ba daga tushe ɗaya ya fito ba, haka ma sukar.

Kashi na farko su ne manya waɗanda suka ga shirin suna yara. Su ne suka ja 'ya'yansu zuwa sinima, kuma su fim ɗin ya fi taɓawa, domin begen da ne ya kai su. Ba su je neman sabon labari ba. Sun je ne su duba ko abin da suka bari yana nan.

Kashi na biyu su ne tsofaffin ma'aikatan Henson. Frank Oz, wanda ya daɗe yana riƙe da Miss Piggy da Fozzie, ya ƙi shiga fim ɗin, ya kuma ce rubutun bai gamsar da shi ba, domin a ganinsa ba a girmama halayen 'yan tsanan ba. Wasu daga cikinsu sun yi ƙorafi a kan wata fitowa inda Fozzie ya sa takalma masu ƙarar tusa don a yi dariya, da kuma nuna Kermit zaune a katafaren gida alhali abokansa sun tarwatse. Hujjar waɗannan ita ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Su amana suke gadi.

Kashi na uku su ne masu karatun siyasa. A watan Disamba na 2011 wani mai gabatar da shiri a gidan talabijin na Fox Business, Eric Bolling, ya zargi fim ɗin da cusa wa yara ƙin masu jari, tun da mugun labarin attajirin mai ne. Abin dariya, 'yan tsanan ne da kansu suka ba da amsa a wani taron 'yan jarida a Landan, inda Kermit ya tunatar da cewa a cikin fim ɗin a wata ƙatuwar mota mai zuƙar mai suka yi ta yawo.

Daɗin daɗawa, wannan wasa ya daɗe da sanin halin ɗan kallo. Tun a shirin talabijin akwai wasu tsofaffi biyu, Statler da Waldorf, waɗanda ke zaune a bene ba su da aiki sai kushe duk abin da aka yi, amma ba su taɓa fashin zuwa ba. Henson ya ɗinka mai suka ya ajiye shi a cikin wasan tun kafin mai suka na gaske ya buɗe baki.

Yadda Aka Karɓe Shi a Tsakar Gidanmu

Ni ba ni cikin ko ɗaya daga waɗannan kasusuwa, domin ina ɗan firamare fim ɗin ya fito. A wani dogon hutu ne na kunna shi a kwamfuta bayan isha'i, muka kewaye ta mu biyar: ni, da ƙannena biyu, da kakarmu, da kawuna, tsohon malamin makaranta wanda ya je kwas Ingila a ƙarshen shekarun 1970, ya kuma ga shirin a can.

Ƙannena ba su san ko ɗaya daga cikin 'yan tsanan ba, kuma Turancinsu bai kai su kama barkwancin magana ba. Duk da haka, da aka zo kan takalman Fozzie, wato abin nan da tsofaffin ma'aikata suka ƙyamata, sai da ƙaramin ya yi ta birgima a tabarma, ya sa na maimaita wurin sau uku. Amma duk inda Kermit ya tsaya yana duban hotunan abokansa yana waƙar kewa, sai su fara mutsu-mutsu suna tambayar yaushe mai gangar nan mahaukaci zai dawo.

Kakarmu kuwa tambaya ɗaya ta riƙe: "Wai wannan mai kwalliyar alade ce? To me ya haɗa kwaɗo da alade?" Na ce mata ai soyayya suke yi. Ta ce, "Ikon Allah! Ko a tatsuniya Gizo Ƙoƙi ya aura." Sai dai ba ta tashi ba har aka gama, kuma da aka nuna attajirin nan yana ƙulla makircinsa, ita ce ta fara tsine masa.

Kawu ne ya ba ni abin tunani. Da aka busa kiɗan buɗe shirin, na ga yana kaɗa ƙafa, leɓensa yana motsi. Can sai ya ce da ni, "Kai, ɗan nan, wannan ba muryar kwaɗon ba ce." Gaskiyarsa, domin bayan rasuwar Henson, Steve Whitmire ne ya karɓi Kermit, ya riƙe shi har 2016. Kunnen dattijo ya kama canjin da idonsa bai gani ba. Da aka gama sai ya yi shiru, sa'an nan ya shiga ba mu labarin ɗakin da ya zauna a Ingila, da sanyin da ya sha, da abokan kwas ɗinsa, yana lissafa waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Bai ce fim ɗin ya yi kyau ba, bai ce bai yi ba. Kwaɗon yana nan kore shar kamar yadda ya bar shi shekara arba'in da suka wuce, shi kuwa furfura ta gama da kansa. Abin da ya kalla ke nan a daren.

Abin da Ya Shafe Mu

Daga nan na fahimci inda 'yartsana ta sha bamban da ɗan wasa. Kasimu Yero ya rasu a 2017, Usman Baba Pategi, wato Samanja Mazan Fama, ya rasu a 2023. Ba mai iya sa kakin Samanja a yau ya fito mutane su yarda shi ne, domin fuskar da muryar an binne su tare. 'Yartsana kuwa ana iya cire hannu a zura wani, fuskar ba ta sani ba. Wannan shi ne ƙarfinta, shi ne kuma tarkonta, domin tana yi wa ɗan kallo alkawarin cewa kome na nan yadda yake, alhali mai ba ta rai ya sauya. Gardamar Frank Oz da kunnen kawuna abu ɗaya suke nunawa.

Har wa yau, abin da ya biyo baya ya isa darasi. Fim na gaba, Muppets Most Wanted, ya fito a 2014, ya samu kimanin rabin kuɗin na farko. Sabon shirin talabijin da aka fara a 2015 zango ɗaya ya yi aka tsayar da shi. A nawa ganin, bege kamar guzuri ne, sau ɗaya ake cinye shi. Dattijon da ya je ya gana da ƙuruciyarsa ya biya bukata, ba lalle ne ya koma ba. Wanda zai koma shi ne yaron da ya yi birgima a tabarma, in har an ba shi abin da zai riƙe a matsayin nasa.

Mu ma muna da namu wasan 'yan tsana, wato dabo-dabo, wanda muke haddace sunansa a jerin wasannin gargajiya don jarrabawa, amma da na tambayi 'yan ajinmu ban sami wanda ya taɓa ganinsa da ido ba. Tashe kuwa yana da sauran rai, saboda yara ne ke yin sa, kuma kowace shekara suna cusa masa abin zamaninsu ba tare da neman izinin kowa ba. Duk ranar da wani daga cikinmu ya tashi farfaɗo da dabo-dabo, ko wani tsohon wasan talabijin, zai tarar da mutanen nan zaune suna jiransa: mai bege, da mai gadin amana, da mai neman ɓoyayyar manufa, da kuma yaro.

Kammalawa

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce, idan za mu yi nazarin wasa, mu riƙa juya baya ga dandali lokaci-lokaci mu dubi fuskokin da ke kallo, mu rubuta wa ya yi dariya, a ina, wa kuma ya yi shiru. Ga mai niyyar farfaɗowa kuma, ya saurari dattawa, domin da tsohuwar zuma ake magani, su ne kuma suka san inda ran wasan yake. Amma kada ya auna nasararsa da hawayensu. Ya auna ta da yaron da zai tashi washegari ya nemi tsohuwar safa, ya zura hannu a ciki, ya sa ta magana.