Mota Biyu, Aljihu Ɗaya

Duk mutumin Sabon Zongo ya san cewa maƙwabtaka da Abossey Okai wata ni'ima ce. Mota ta lalace da safe, ka taka da ƙafa ka sayo kayanta, kafin azahar fita ya ɗaura. Wannan ya sa idan ɗayanmu zai sayi mota tambayarsa ta farko ita ce, akwai kayanta a kasuwa? To, jama'a, motar lantarki ta zo ta rikita wannan lissafi, domin ba ta da fulogi, ba ta da salansa, ba a yi mata juyen baƙin mai, kuma abin da ya fi komai tsada a jikinta, wato batir, ba abin da za ka tsinta a kan teburin ɗan kasuwa ba ne.

Abin da ya kai ni ga wannan tunani shi ne shekarar 2022. A farkonta litar fetur tana wajen sidi 7, kafin ƙarshenta ta haura sidi 15, tsadar kaya kuwa ta wuce kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba. Tun daga nan na fara tara kuɗi da niyyar in rabu da gidan mai. Kuɗin nan gumin shekaru ne, har da na wani fili da na sayar, saboda haka ba ni da damar sayen mota sau biyu.

Motoci biyu suka tsaya mini a rai, dukansu masu tudu ne, irin waɗanda ake kira SUV. Ta farko Hyundai Kona ce ta lantarki, ƙirar Koriya ta Kudu, wadda aka fara sayar da irinta a 2018. Ta hannu ce, an yi amfani da ita a waje kafin ta sauka a Tema. Ta biyu sabuwa ce dal, BYD Atto 3 ta ƙasar Sin, wadda ta fito a 2022. Kuɗinta ya ɗara na ta farko nesa ba kusa ba.

A takarda kusan kai ɗaya suke. Batirin Kona yana ɗaukar yunit 64 na wuta, irin yunit ɗin da mitar gida take ƙirgawa, na Atto 3 kuwa yunit 60 da ɗan ɗoriya. A gwajin Turai kowaccensu tana haura kilomita 400 da caji ɗaya. Amma Turawa ba su yi gwajinsu a cunkoson Kaneshie da na'urar sanyaya mota a kunne ba, don haka ni na zaftare kashi ɗaya cikin huɗu. Ko da haka, Ankara zuwa Kumasi kilomita 250 ne ko kusa da haka, kowacce za ta kai ni wurin 'yan'uwa ba tare da tsayawa ba. Tamale kuwa, mai nisan wajen kilomita 600, sai dai in hau bas kamar kowa.

Zuciyata ta fara karkata ga Kona, kuma dalilin a fili yake. Sunan Hyundai sananne ne a nan, birki da ƙafafu da fitilu fita na gari ba zai yi musu kallon baƙi ba, kuma ranar da na so sayarwa ba zan sha dogon bayani ba. Ga shi gajera ce, ba ta kai mita 4.2 ba, alhali Atto 3 ta kusa mita 4.5. Wanda ya taɓa juya mota a lungunan unguwar nan, wadda Malam Bako ya kafa fiye da shekara ɗari da suka wuce lokacin da doki ne abin hawan manya, ya san darajar taƙi ɗaya. Da na shawarci fitan da ya daɗe yana duba mini mota, cewa ya yi, "Alhaji, jikinta na sani, amma batirin nan ko ka ba ni kyauta ba zan buɗe shi ba."

Maganarsa ce ta sa na zauna na binciki batir sosai. Batir kamar mutum yake, yana tsufa, kuma zafi da yawan cajin gaggawa suna saurin tsufar da shi. A motar hannu ba ka san irin riƙon da mai ita na farko ya yi mata ba. Akwai na'urar da ake jonawa ta nuna kashi nawa ya rage na ƙarfinsa, kuma duk mai sayarwar da ya ƙi a jona ta, to ka yi masa sallama. Ban da haka, a 2021 kamfanin Hyundai ya yi shelar sauya batir a motocin lantarki wajen 82,000, yawancinsu Kona da aka ƙera daga ƙarshen 2017 zuwa farkon 2020, saboda haɗarin kama wuta. Wannan ya yi kyau, sai dai mai saye a Ankara dole ya ga shaidar cewa motar da ke gabansa an sauya nata. Wanda zai sayar mini ya yi ta rantsuwa, amma takarda ba ta fito ba.

Batirin BYD wani iri ne daban, na sinadarin ƙarfe da fosfet, wanda ya fi jure zafi, kuma ba ya damuwa idan aka cika shi maƙil. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya ga dumsor na 2012 zuwa 2016, wanda ya koya mana cewa idan wuta ta zo ka cika komai, har tocila. Aibinta shi ne baƙuwa ce. Idan ɗan trotro ya fasa maka fitilar baya, jira za ka yi a aiko daga nesa.

Akwai wani abu da masu talla ba sa faɗa sai ka tambaya, wato bakin caji. Motar da aka yi don kasuwar cikin ƙasar Sin bakinta daban, ta Turai daban, ta Amurka da Koriya ma daban. Wannan Atto 3 ɗin da ake fitarwa waje, a can gida sunanta Yuan Plus, kuma bakin cajinsu ba ɗaya ba ne. Kafin ka biya ko kwabo, je ka wurin cajin da ya fi kusa da kai ka ga irin nasu.

Gwamnati dai ta ƙaddamar da manufarta kan motocin lantarki a Disamban 2023, kuma kasafin kuɗin 2024 ya yi alƙawarin yafe harajin shigowa na shekara 8, amma ga motocin jigilar jama'a da masu harhaɗawa a cikin gida. Ni mai sayen ta kaina ban ga rabona a ciki ba.

Wadda ta yanke hukunci ita ce Mma, tsohuwata, da nake kai wa asibiti duk wata saboda ciwon gwiwa. Na shigar da ita bayan Kona, ta kasa miƙe ƙafa, kekenta ma da ƙyar ya shiga but mai lita 332. A Atto 3, mai but lita 440, ta zauna ta gyara mayafi ta ce, "Wannan ita ce mota, ɗana." Sai ga takardar garantin batir a kan wannan, wadda waccan ba ta da ita.

Na ba da kafin alƙalami a kan ta Sin, amma na ce su riƙe ta tukuna. Gidanmu gidan yawa ne, ɗaki goma sha ɗaya a kan mita ɗaya, kuma wurin da ake rigima a kan wanda ya kunna dutsen guga ba za a jona mota mai shan yunit 60 ba. A soket na gida cikata daga ƙasa ya fi kwana guda cur, da akwatin caji na bango kuwa awa tara zuwa goma. Na riga na nemi mita tawa ni kaɗai a shagona, inda ƙasa take da tudu kuma ruwan Yuni ba ya kwanciya. Ranar da aka kafa ta zan je in ɗauko motar.