MAN SHANU A SHADAWANKA: NA GWANGWANI KO NA ƘWARYA?

Wanda ya san Bauchi ta cikin ganuwa kaɗai, watau daga Ƙofar Ran zuwa Ƙofar Wunti, daga fadar Sarki zuwa kabarin marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa, bai gama sanin garin ba tukuna. Birnin da Malam Yakubu ya kafa a 1809 ya daɗe da tsallake ganuwarsa, tun ba ma daga 1976 ba, shekarar da ya zama babban birnin jiha. Cikin unguwannin da ke bayan ganuwa akwai Shadawanka, wadda sunanta ya shahara saboda barikin soja, mazaunin Birged ta 33 ta manyan bindigogi.

Bariki kuwa ƙaramar Nijeriya ce. A layi guda sai ka tarar da Bayarabe da Tibi da Babarbare da Inyamiri da Bafillatani, ƙofa na kallon ƙofa, hayaƙin murhunsu na gauraya. Inda suke haɗuwa duka shi ne kasuwar bariki, wadda ake kira kasuwar Mami. Sunan ya samo asali ne daga wata matar soja, Mami Ochefu, wadda ta fara sayar da kunu a barikin Enugu cikin shekarun 1950, har sunanta ya bi kowace kasuwar bariki a ƙasar nan. Ta Shadawanka ta ga baƙin ciki a daren 29 ga Mayu, 2011, sa'ad da bama-bamai suka tashi a cikinta, rayuka da dama suka salwanta. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Mutanen unguwar ba su manta ba, amma neman abinci bai tsaya ba, don ciki ba ya jiran makoki.

Abin da ya kai ni unguwar ba babba ba ne a ido, amma ya shafi lafiya, ita kuwa uwar jiki ce. Matar wani aminina, soja mai igiya uku, ta daɗe tana fama da kumburin ciki da ƙugi da gudawa. Likita ya duba bai sami tsutsa ba, bai sami gyambon ciki ba, sai ya ɗora ta a kan wata ƙa'ida: ta bar madara da nono da duk abin da aka yi da su har mako huɗu, sa'an nan ta riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya, tana barin kwana uku tsakani, tana lura da abin da cikinta zai ce. Dabarar ita ce a kori waɗanda ake tuhuma duka, a riƙa shigo da su ɗai-ɗai har ɓarawon ya tona kansa. To, da lokacin dawo da man shanu ya matso, sai gardama ta tashi a gidan. Maigida ya ce a sayo na gwangwani a kanti, wanda Indiyawa ke kira gi, don shi ne mai tsabta. Uwargida ta ce ita ba ta san wani man shanu ba sai na 'yar Fulani, ta soya abinta da hannunta. Wanne ya fi dacewa?

Kafin mu yanke hukunci, ya kamata mai karatu ya san cewa cutar madara iri biyu ce, kuma mutane suna yawan cakuɗa su. Ta farko, akwai wani sukari a cikin madara mai suna laktos. Jariri yana da sinadarin narkar da shi a hanjinsa, amma a jikin yawancin 'yan Adam sinadarin yana raguwa bayan yaye. In irin wannan mutum ya sha madara da yawa, sukarin sai ya wuce babban hanji bai narke ba, ya yi tsami a can, iska ta taru, ciki ya ɗauki ƙugi. Wannan wahala ce, amma ba ta kisa. Ta biyu ita ce jiki ya ƙi furotin ɗin madara, ya ɗauke shi abokin gaba. Alamunta su ne ƙuraje masu ƙaiƙayi, kumburin leɓe ko fuska, amai, wani lokaci har numfashi ya sarƙe. Wannan tana iya kai mutum lahira, kuma ɗan kaɗan ya isa ya tayar da ita.

A 1971 wasu likitoci, cikinsu har da Norman Kretchmer na Amurka da Olikoye Ransome-Kuti, wanda daga baya ya zama Ministan Lafiya, suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan ƙabilun Nijeriya. Suka tarar mafi yawan Fulani makiyaya suna narkar da sukarin madara har girmansu, alhali kuwa kusan dukkan Yarabawa manya da aka gwada ba sa iyawa, Hausawa ma da yawa haka. Gado ne: zuriyar da ta shekara dubbai tana bin saniya, jikinta ya saba da abin da saniya ke bayarwa. Saboda haka a bariki irin na Shadawanka, kofin madara guda da zai zama karin kumallon wani, shi ne zai hana maƙwabcinsa fita fareti. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Da hantsi ya dubi ludayi sai ka fara ganin matan Fulani suna shigowa gari daga rugagen da ke kewaye, ƙwarya bisa ƙwarya, an rufe da faifai. Muka tsai da wata dattijuwa a inuwar dalbejiya, ta sauke, ta buɗe. Ga curin mai nan fari-fari mai ratsin rawaya yana iyo a kan nono.

Uwargida ta ce, "Inna, sannu da hanya. Man nan na yaushe ne?"

Ta ce, "Na safiyar nan ne, 'yata. Da hannuna na kaɗa shi. Shinshina ki ji."

"Ba a sa masa komai ba?"

Tsohuwa ta yi dariya ta ce, "Komai kamar me? In kin soya kika ga abin da ba na saniya ba, gobe ma nan zan biyo."

Aikin da ke bayan curin nan ba kaɗan ba ne. Ana tatsar saniya da safe bayan ɗan maraƙi ya fara tsotsa, a zuba madarar a ƙwarya ta kwana ta yi kindirmo, sa'an nan a zuba a gora a yi ta girgizawa har mai ya rabu ya taso. Abin da ya rage shi ne tsala. Farar saniyar Fulani, wadda suke kira Bunaji, ba ta cika ba mai tatsa fiye da lita ɗaya ko biyu a rana ba, kuma sai an tara wajen lita 20 na madara kafin a sami kilo guda na tataccen mai. Da damina, lokacin ɗanyar ciyawa, mai yakan yawaita ya yi rawaya. Da rani sai ya yi ƙaranci ya yi fari, kuɗinsa ya hau. A lokacin ne marasa tsoron Allah, galibi 'yan sari na cikin gari, sukan cuɗa shi da bota ta kanti ko wani abu mai sitaci don ya yi auki. Sitaci yana da sauƙin kamawa: a narkar da ɗan kaɗan a ɗiga masa aidin, in ya koma shuɗi to an yi algus. Na bota kuwa ya fi wuyar ganewa, maganinsa sai sanin hannun da kake saye.

Ɗanyen man shanu ba mai ne zalla ba. Bisa ma'aunin da duniya ta yarda da shi, cikin kashi 100 na bota kashi 80 ne mai, ruwa ya kai kashi 16, sauran kuwa ɓurɓushin madara ne, watau inda sukarin nan da furotin suke ɓoye. Suya ita ce ke raba su. Uwargida ta ɗora tukunya a kan wuta marar ƙarfi, mai ya narke, kumfa ta taso, ya shiga ƙara kamar ana yayyafi a kan kwano. Ƙarar nan ruwa ne ke ficewa. Da ta lafa, sai man ya washe ya zama garai-garai kamar zuma, ɓurɓushin ya kwanta a gindin tukunya ya fara ja. Nan ne ake saukewa, in an ƙara jinkiri ya ƙone ya yi ɗaci. A bari ya huce kaɗan, a tace da farin ƙyalle mai tsabta ninki biyu, a zuba a busasshiyar kwalba. Muddin ba a tsoma masa jiƙaƙƙen cokali ba, yakan yi watanni bai lalace ba, ko babu firji. Wutar kuma tana kashe ƙwayoyin cutar da kan biyo ɗanyar madara, kamar tarin fuka na shanu da bakkale.

Al'adarmu ita ce a yanka albasa a ciki, wasu har da citta ko kanumfari, don ƙanshi. Amma mai gwajin abinci ya haƙura da wannan tukuna. Albasa kanta tana cikin abubuwan da kan kumbura wa wasu ciki, in an haɗa su aka ji ciwo, ba a san wanda za a kama ba.

Na gwangwani fa? Shi ma asalinsa wannan aikin ne, sai dai da injuna ake yi, kuma ƙa'idarsa ita ce mai ya kai kashi 99.6 cikin 100. Ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, gama tun zamanin Turawa ma'aikatar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, ta yi ta sarrafa bota da cuku, musamman lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Amfanin na gwangwani shi ne ba ya sauyawa, na yau kamar na jiya, kuma injin ya fi ƙyalle tacewa. Amma akwai tarko. Gwangwanaye da yawa masu wannan suna ba su taɓa ganin saniya ba. Man tsirrai ne, galibi na kwakwar manja, aka daskarar aka sa masa launi da ƙanshi. Irin wannan ya bazu a Indiya tun 1937 da sunan Dalda, don talaka ya sami abin da ya yi kama da na gaske. Tsohuwar hanyar daskarar da shi tana haifar da wani kitse mai suna tirans wanda ke toshe jijiyoyin zuciya, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira a 2018 a kawar da shi daga abinci, hukumar NAFDAC kuma ta ƙayyade kada ya wuce giram 2 cikin giram 100 na mai. Saboda haka mai saye ya juya gwangwani ya karanta. In na gaskiya ne, abu guda za a lissafa, watau man madarar saniya. Ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. In ya ga arha ta yi yawa, ya tuna araha ba ta ado. Wanda ya gwada cikinsa da man tsirrai yana zaton na shanu ne, ya yi gwajin banza.

To, ga yadda hukuncin ya kasance. Wanda matsalarsa sukarin madara ce, duka biyun za su karɓe shi, gama abin da ya rage na sukarin bayan suya da tacewa bai taka kara ya karya ba. Sai ya zaɓi wanda ya fi amincewa da asalinsa. In yana da 'yar Fulanin da ya sani, na gida ya fi ƙanshi, ya fi sauƙin kuɗi, kuma idonsa ya ga abin da ya shiga tukunya. In ba shi da ita, gwangwani mai gaskiyar rubutu ya fi curin da ba a san hannun da ya cura shi ba. Amma wanda jikinsa ke ƙin furotin ɗin madara, wanda ya taɓa kumbura ko numfashinsa ya sarƙe, babu nasa a cikin biyun. Ba ƙyalle ba inji da zai ba da tabbacin cewa ko ƙwayar furotin ba ta saura ba. Irin wannan, da kuma yara ƙanana, kada a yi musu gwaji a gida sai a gaban likita. Kuma a cikin makonnin farko na ƙa'idar, in likita ya ce a bar dangin madara duka, to har da man shanu, kada a ce ai wannan mai ne kawai.

Uwargida ta zaɓi na ƙwarya. Ta fara da rabin ƙaramin cokali a kan tuwon shinkafa da miyar kuka, washegari cokali guda, ta jira kwana uku, ciki bai ce uffan ba. Da aka zo kan madarar gari a shayi, kafin azahar ɓarawo ya bayyana. Kindirmo kuwa, da yake tsami ya riga ya cinye wani kashi na sukarinsa, ta iske tana iya shan ludayi biyu ba tare da damuwa ba. Ashe abin da ta yi shekaru tana tsoro bai kai yadda ta zata ba, masar Bauchi da man shanu ba su haramta gare ta ba.

Sai dai kada daɗi ya ɗebe mu. Man shanu, na gida ko na kanti, kitse ne mai nauyi, kuma likitocin zuciya suna gargaɗi a kan yawaita shi, musamman ga mai hawan jini ko mai ƙiba. Kakanninmu da suka ci shi suka daɗe, ɗan ɗigo suke yi a kan miya, sa'an nan su wuni a gona ko bayan shanu.

Akwai kuma abin da ya wuce cikin mutum ɗaya. A rugar Fulani shanu na maigida ne, amma nono da mai na mace ne. Da kuɗinsu take sayen hatsi da gishiri da sabulu, da su take tara kayan ɗakin 'yarta. Duk kwalbar da aka soya a Shadawanka, kuɗinta a ƙasar Bauchi ya kwana, na gwangwani kuwa yawancinsa ƙetare yake tafiya. Da hukuma da masu hannu da shuni za su taimaka wa matan nan da wurin tara madara mai sanyi, da koyar da tsabta, da kwalabe masu hatimi, da gardamar gidan aminina ba ta taso ba, don da mun sami mai ƙanshin ruga da amincin kanti a kwalba guda, tuwona maina. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya albarkaci shanu da masu kiwonsu, amin.