Yadda Na Kama Hanyar Rubutun Soyayya

Ƴan'uwa ɗalibai, tambayar da aka fi yi mini ita ce: ke da kika yi lakwal da Faransanci, kuma a gidanku Fulatanci ake yi, me ya kai ki rubuta soyayya da Hausa? To, ga amsata.

A Fulatari aka haife ni. Sai da na zo kwaleji a Difa, gidan gwaggona, sannan Hausa ta zauna a bakina. A nan na tarar da littattafan Kano, waɗanda ƴan kasuwa ke shigowa da su. Haya muke karɓa, mutum biyar su karance littafi ɗaya kafin a mayar, bango duk ya yage. A aji muna fama da dikte, da dare kuwa ga labari da harshen da muke cinikin tumatir da shi.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. An cire ta daga makaranta, aka yi mata aure tana yarinya ƙarama. Da auren ya mutu sai ta shiga ajin yaƙi da jahilci. A 1987 ta fitar da Budurwar Zuciya, a 1990 kuma Alhaki Kuykuyo Ne, wanda aka buga fassararsa ta Turanci a Indiya a 2012. Na ce a raina, in har wadda aka raba da aji ta kai nan, ni da ke riƙe da bik kullum mene ne uzurina?

Na san abin da ake faɗa, wai littattafan nan ɓata tarbiyya suke yi. A 2007 har ƙona wasu aka yi a Kano. Ban ce duka nagari ba ne. Amma wanda ya karanta Wa Zai Auri Jahila? ya san maganar auren dole da karatun ƴa mace ake yi, abin da ba mu iya faɗa a gaban iyaye.

Sai dai labaran Kano na Kano ne. Tun da aka kawo hari Difa da Boso a watan Fabrairun 2015, aka hana hawan babur, aka tsayar da cinikin tattasai, mutanen bakin Komadugu suka watse. Na san saurayin da kuɗin aurensa ke cikin gonar tattasai, ya bar ta ba girbi. Yarinyar ta jira shi shekara biyu a cikin bukka bakin kwalta, daga baya aka ba da ita ga wani mai hali. Wa zai rubuta wannan in ba mu ba?

Labarinsu nake rubutawa yanzu, na sauya sunaye da gari. Kaye uku na cika. Kowane babi sai na karanta wa ƙawayena da baki. Inda na ga sun fara duba waya, nan nake sokewa. Gwaggo ma tana saurare daga bakin murhu, ita ce ta gyara mini yadda ake kai gaisuwar surukai.

Ban san ranar da zai zama littafi ba, kuɗin bugu ba wasa ba ne. Amma ke da ke ɓoye kaye a ƙarƙashin katifa, kawo shi taronmu na gaba mu ji babin farko.